Shekarar da Uwani Ta Shuka Rairayi

Duk Bazaga ba wanda zai ce maka ya taɓa jin Uwani ta yi gardama da wani. Ka ce mata gishiri ya yi yawa a ƙosanta, za ta ce "to", gobe ka dawo ka iske shi yadda ka bar shi jiya. Ka ce mata kada ta bi ta hanyar rijiya, za ta ce "to", an jima ka gamu da ita a bakin rijiyar tana gaisawa da mutane. Waɗanda ba su san ta ba suna yaba mata haƙuri. Waɗanda suka zauna da ita kuwa sun daɗe da gane cewa wannan "to" ɗin ba ta nufin komai illa ta ji ka, kuma za ta je ta yi abin da ta ga ya dace.

'Yar Tsarnawa ce, aure ya kawo ta gidan Badaru mai amalanke, ta zauna har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin kallabinta. 'Yarsu Wasila tana aure a Malbaza, ɗansu Mansur yana kabu-kabu a Konni, sai ya ga dama yake leƙo gida. Sana'arta ƙosai, kullum da safe a ƙofar gida. Aibinta ɗaya, in ma aibi ne: ba ta iya ganin abu yana jin yunwa ko ƙishirwa ta wuce shi. Kajin maƙwabta sun fi sanin tsakar gidanta a kan ta masu su. Jakin Badaru ya yi ƙiba a hannunta har ya fara tsayawa yana tunani in ya ga tudu.

Shi Badaru ba mugun mutum ba ne, kuma ba rago ba ne. Yana ɗaukar wa mutane kaya zuwa kasuwar Konni, ya dawo da nasu saƙon, ba a taɓa cewa ya ɓatar da ko allura ba. Sai dai Allah ya jarrabce shi da gado. Abu biyu mahaifinsa ya bar masa. Na farko irin gero ne mai doguwar zangarniya, wanda tun kakanni ake shuka shi a gonarsu, ana ware na iri kafin a taɓa na ci. Na biyu kuwa albasar kura ce.

Wannan albasa ta daji ce, ba a cin ta, ko akuya ba ta kallonta, akuyar Bazaga kuwa har kwali da leda tana ci. Tana nan binne a bayan dangar gidan, kusa da gindin aduwa. Duk rani ba ka ganin komai a wurin sai busasshiyar ƙasa. In bazara ta yi nisa sai ta turo kara guda, ba ganye ba komai, da 'yan fararen furanni a jikinsa. Mahaifin Badaru ya yi suna da ita. A zamaninsa, in ta yi fure sai ya fito ya ce wa mutanen unguwa su gyara sungumansu, kuma ba a daɗewa ruwa ya sauka. Tun da tsofaffin gidan suka rasu albasar ta koma yin abin da take so. Wata shekara sai an sha ruwa an ƙoshi take fitowa, wata shekarar ko leƙowa ba ta yi. Badaru dai kullum yana da bayani, don namiji ba ya rasa bayani a kan abin da ya gada.

Daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba. Abin da aka samu an ci, an ƙara da na awo, irin gadon nan kuwa ɗan ƙaramin buhu kaɗai ya rage, a rataye a cikin rumbu. In wannan ya salwanta, shi ke nan, ba inda za a je a samo irinsa. Uwani ta san haka sarai, don ita ce take hawa tana duba shi saboda ɓera.

Bazarar bana ta zo da zafi mai sa mutum ya ji haushin rigarsa. Itatuwan dogon yaro na bakin hanya suka yi fure, ƙamshi ya cika unguwa da yamma, ƙudan zuma suka yi ta kai da kawowa. Tumfafiya ma ta yi nata a bakin bola, aduwa ta zubo 'yan mitsi-mitsin furanninta a kan danga. Uwani tana son wannan lokaci, duk da zafin. Takan ɗan dakata da tsintsiya a hannu ta shaƙi iskar kafin ta ci gaba da shara. Badaru kuwa ko kallo ba su ishe shi ba. A wurinsa waɗannan furannin banza ne, ba su san komai ba, ado kawai suka iya.

Nasa furen shi ne bai fito ba. Da safe sai ya je ya tsuguna a bayan danga ya zura wa ƙasa ido. Da yamma ya koma. Daga baya ya kai tabarma wurin. Masu kaya suka yi ta aike, yana cewa jaki ba ya jin daɗi, alhali jakin yana tsaye yana cin harawa da ƙarfinsa. Maƙwabcinsu Lurwanu, wanda ba ya rabuwa da rediyo a kafaɗa, yakan tsaya in zai wuce ya tambaye shi ko baƙuwar ta iso. Duk wannan Uwani ta iya jurewa. Abin da ya gagare ta shi ne ranar da ta kai masa tuwo ya ɗan taɓa ya ture akushin.

"Maigida, tuwon ga hwa da man shanu na," in ji ta.

"Aje shi nan. Ba ni jin yunwa."

"Mi kaka gani cikin ƙasag ga haka?"

"Ke ba ki ganewa," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Ta ce "to", ta ɗauke akushin. Amma tausayinsa ya kama ta ƙwarai. Ta ga wuyansa ya yi tsawo, ta ga yadda yake sauke kai in Lurwanu ya wuce yana dariya, ta san ba albasar ce take cin sa ba, kunyar a ce bai kai ubansa ba ce. Ita kuma a ganinta maganar ba ta da wuya. Abu yana cikin busasshiyar ƙasa, rana tana dukansa tun safe, an zauna ana harararsa, ba wanda ya ce masa ga ruwa. Ko ita ce ba za ta fito ba.

Washegari da azahar, da Badaru ya tafi masallaci, ta ɗauki ruwan da ta wanke waken ƙosai, wanda jaki ya saba shanyewa, ta zagaya ta tuttule shi a gindin aduwa, ta watsa busasshiyar ƙasa a kai. Jakin ya bi ta da kallo har ta dawo. Haka ta yi ta yi kullum. Ba ta yi tunanin komai ba bayan tana so mijinta ya ci tuwo.

Wata safiya tana tsakiyar suya sai ta ji muryarsa daga bayan danga.

"Ta hito! Uwani, zaka ki gani."

Ta je da matsami a hannu. Ga kara ya tsaga ƙasa ya miƙe, kansa cike da 'yan ƙulle-ƙulle. Kafin 'yan kwanaki suka buɗe, farare tas. Badaru ya kira duk wanda ya wuce ya zo ya gani, har da mai tallan kalanzir da ba ɗan garin ba ne. Ranar ya cinye tuwo ya nemi ƙari, ya suɗe akushi. Uwani ta zauna tana kallonsa, ranta fari ƙal. Yana wanke hannu ya ce:

"Gobe muna binne."

Binne kuwa shi ne a shuka iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, ya kwanta yana jira. In ruwan ya zo da wuri ka riga kowa. In ya yi jinkiri, tururuwa da ɓera da zabi su yi walima da irinka, ko a yi ɗan yayyafi ya tsiro ya ƙone. Mai iri da yawa yana iya wannan caca. Mai ɗan buhu guda a rumbu bai kamata ya ko yi mafarkinta ba. Sama kuwa a ranar wayam take, ko gajimaren da zai rufe tafin hannu babu.

A nan ne Uwani ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidan.

"Maigida, da an ɗan jinkirta," in ji ta.

Badaru ya dube ta kamar jakinsa ne ya yi magana. "Jinkiri? Albasa ta yi hure kina cewa jinkiri? Baba bai taɓa kwana biyu ba bayan ta yi hure."

Maganar ruwan wake ta zo mata har baki. Ta dubi akushin da ya suɗe, ta dubi fuskarsa da ta cika ta yi haske, ta kasa. Ta ce "to".

Da la'asar, yana can yana gyara ƙotar sungumi a zaure, ta hau rumbu ta sauko da buhun. Ta juye irin a cikin babbar kwallarta ta ɗaki, wadda tun ranar aurenta ba namijin da ya taɓa buɗe ta, ta rufe ta ɗora sauran kwanoni a kai. Ta cika buhun da rairayin tsakar gida, ta tankaɗe shi tsaf don ita ba ta aikin ƙazanta, ta barbaɗa geron ci a samansa, ta ɗaure.

Dabararta ta dogara ne a kan yadda ake shuka tun fil azal. Namiji yana gaba da sungumi, yana tafiya yana sara rami dama da shi, idonsa a kan layi. Mace tana biye da ƙoƙo, ta jefa iri ta rufe da diddige. Mai sara ba ya waiwaye, in ya waiwaya layinsa ya karkace, a yi masa dariya har kaka. Shekara da shekaru Uwani tana bayan Badaru a gonar nan, ba ta tuna ranar da ya juyo ya ga abin da hannunta yake yi ba.

Da sassafe ya ɗaga buhun zai ɗora a amalanke, ya ɗan yi nishi.

"Kin ji nauyi? Iri na ƙwarai ke nan. Na yanzu duk ƙaiƙayi na."

"Gaskiya ta," in ji Uwani.

Suka shiga gona. Yana sara, tana jefa rairayi a cikin rairayi tana rufewa. Kada ka ce ta yi ha'inci a aikin. Kowane rami sai da ta ba shi rabonsa daidai, da yatsu uku, ta taka shi da kyau. Ƙasa ta yi zafi har tana ratsa takalmin roba, gumi ya jiƙa mata zane, ƙugunta ya riƙe. Badaru yana gaba yana 'yar waƙarsa, wani lokaci ya yi wa gonar magana, ya ce ta riƙe amana. Sai da suka yi yini biyu a haka. A na biyun Uwani ta fara jin haushin kanta, don ba ta taɓa shan wahala irin wannan a kan babu ba.

Bayan nan aka shiga jira. Rana ta ci gaba da abin da ta saba. Lurwanu ya ce rediyo ta ce da saura, ya kuma tambayi Badaru ko zabin daji sun aiko masa da godiya. Badaru ya ce a dai jira. Uwani tana jin su daga wurin suya, hankalinta kwance. Takan shiga ɗaki ta ɗaga murfin kwalla ta leƙa, ta ji daɗin wayonta. Ta riga ta shirya yadda za a yi: in an yi makonni ba ruwa, ya gama baƙin cikinsa, damina ta kankama, sai ta fito da irin ta ce ragowa ce ta samu a gindin rumbu.

Ba a yi mako ba, wata la'asar, iska ta juya. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kaji suka shige akurki da kansu. Kafin a kwashe shanya ruwa ya ɓarke, ba yayyafi ba, ruwa na sosai mai cika kwari, wanda ya kai har magariba yana zuba. Yaran unguwa suka fita suna tsalle. Badaru ma ya fita, da girmansa da gemunsa, ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa ruwa yana dukansa. Uwani tana bakin ƙofar ɗaki, ba ta taɓa ganin ruwan sama hankalinta ya tashi ba sai ranar.

Gari na wayewa duk Bazaga ta fashe zuwa gona. Maza da sunguma, mata da ƙoƙuna, amalanke bayan amalanke, kowa yana sauri, don ƙasar nan rairayi ce, ba ta riƙe laima, in ka yi sanya ta bushe ka jira wani ruwan da ba ka san ranarsa ba. Mutum ɗaya ne bai je ba. Badaru ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dogon yaron bakin hanya, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Duk wanda ya wuce sai ya ɗaga masa hannu.

"Sannunku da aiki. A yi a hankali, kak ku gaji. Mu mun ƙare tuni."

Lurwanu ya wuce da rediyonsa a kashe, ya gaishe shi da ladabi.

Uwani tana cikin gida tana zagaye kamar kazar da za ta yi ƙwai. Ƙosai ma ranar ba ta soya ba. Gonarsu tana can ta sha ruwa ta ƙoshi, ba ko ƙwaya ɗaya a cikinta, rana kuma tana ta hawa. Ta yanke shawarar ta je ta shuka ita kaɗai, ko rabi ne. Ta juye irin a ƙwarya ta rufe da faifai ta ɗora a ka. Saura sungumi. Shi kuwa sungumi ba abin ɓoyewa ba ne, ƙotarsa ta fi ta tsawo. Ta naɗe shi a tabarma, kansa ya leƙo. Ta juya shi, gindinsa ya leƙo. Daga ƙarshe ta saɓa shi a kafaɗa ta bi ta jikin danga a sunkuye, da nufin ta fita ta baya.

Abin da Badaru ya gani daga inda yake zaune shi ne kan sungumi yana tafiya shi kaɗai a saman danga. Ya ajiye kofin shayi ya zagaya, suka yi kiciɓis a gindin aduwa, daidai wurin albasar.

"Ina za ki da sungumina?"

Ta nemi "to" ta ga ba inda za ta shiga a wannan tambaya. Ta sauke ƙwaryar ta buɗe faifan. Ya duba. Ya san irin ubansa ko cikin duhu.

"Wanga hwa? To mi munka shibka?"

"Rairai."

"Rairai," ya maimaita a hankali. "Gonag gaba ɗaya?"

"Har kusurwar da ke wajen kalgo. Ban tsallake rame ko guda ba."

Ya tambaye ta dalili. Ta nuna albasar da haɓa, ta ce ita ta yi ta ba ta ruwan wake, ganin ya daina cin tuwo, kuma ta ji tsoron a binne irin Baba a kan ruwan wake. Badaru ya dubi furen, ya dubi matarsa, ya ɗaga kai ya dubi sama. Uwani ta ji kamar ta nutse, ba don tsoron faɗa ba, don ta ga hasken nan na fuskarsa yana dushewa a gabanta.

"Amma ruwa ya zaka," ya ce daga ƙarshe, da 'yar ƙaramar murya.

"Ya zaka, maigida. Kuma shina tahiya."

Wannan ta tashe shi. Ya fizgi sungumin, ya ɗaura wa jaki amalanke, ko rigar Juma'ar bai tsaya cirewa ba. Shayin yana can yana tafasa a bakin hanya suka wuce shi. Suka isa gona lokacin da wasu suka fara neman inuwa. Lurwanu, da gonarsa take iyaka da tasu, ya dogara da sunguminsa yana kallon mutum cikin babbar riga yana sara rami a gonar da aka riga aka shuka.

"Malam Badaru, ba kun yi binne ba?"

"Wancan don gona ta saba na," in ji Badaru, bai tsaya ba.

A layin farko duk taku kaɗan sai ya juyo ya leƙa hannun Uwani, ita kuma ta buɗe masa tafi ya gani. Layin ya fito a karkace kamar sawun maciji. Da ya ga haka ya haƙura ya sa kai gaba. Suka yi ta yi ba ci ba hutawa, Uwani tana tura yatsan ƙafa a kowane rami tana jin laimar tana ja da baya. Washegari suka dawo tun da asuba. Kusurwar ƙarshe sai da ya riƙa sara da zurfi kafin a tarar da danshi. Ƙwaryar ta ƙare daidai da gonar, ta kife ta ta buga gindinta.

Kwanakin da suka biyo baya bai yi mata faɗa ba, bai kuma yi mata hira ba. Yana cin tuwonsa dai, wannan kam ta lura. Allah ya taimaka aka ƙara ruwa, geron ya tsiro. Suka je dubawa da yamma, suka tsaya a bakin gona, ga layuka kore shar, na farkon nan a karkace yadda aka sare shi. Badaru ya tsuguna ya taɓa wani tsiro da yatsa, ya daɗe a haka.

"Uwani," ya ce, "ke kib ba tawa ruwa. To ta Baba, wa ka ba ta?"

Ba ta taɓa kawo wannan a ranta ba. Tana cikin tunani sai ga surukarta ta faɗo mata a rai, 'yar tsohuwa marar yawan magana, mai yawan tsayawa a tsakar gida tana kallon gabas tana shinshina iska.

"Ni dai na san abu guda," in ji ta. "In bazara ta yi nisa, akwai ranad da Inna ka hana ni zubda ruwan wanke-wanke. Sai ta amshe ƙwaryar ta ce in bari, ita ka kai shi waje da kanta."

"Kullum shekara?"

"Kullum shekara."

Badaru ya zauna daɓas a kan ƙasa. Ya fara dariya ƙasa-ƙasa, kafaɗunsa suna rawa, har ta kai shi ga share ido da hannun riga, kuma Uwani ba ta iya cewa ga inda dariyar ta tsaya ba.

"Har Baba ya mutu bai sani ba," ya ce. "Allah shi jiƙan Inna."

"Amin," in ji Uwani, ta zauna kusa da shi.